Karsana Ɗaya, Ciniki Goma Sha Tara

Ranar da takarda ta iso daga Austin, babban birnin jiharmu, cewa kwamitin majalisar jiha zai saurari ƙudirin ranar Laraba mai zuwa, Dewey Stroebel kasa zama ya yi. Ya karanta ta a tsaye, ya sake karantawa yana zagaya tebur, sannan ya fita ya karanta wa Ofelia Barrientos, magatakardar gunduma, alhali ita ce ta buɗe ambulan ɗin ta miƙa masa. Layi uku ne kacal, amma sai da suka ci masa kusan minti biyar. Dewey mai i'ina ne tun yana yaro, kuma murna ƙara ɗaure masa harshe take yi.

Shi ne alƙalin gundumarmu ta Kerbow, sau huɗu muna zaɓensa. Bai taɓa leƙa makarantar lauyoyi ba, kuma ba mu taɓa ganin aibin hakan ba. Aikin alƙalin gunduma irin tamu, mai mutum dubu da ɗari biyu da shanu dubu arba'in, bai wuce lura da hanyoyi da baitulmali da raba gadon da babu rigima a cikinsa ba. Ainihin sana'ar Dewey gwanjon shanu ce. Shekara arba'in da biyar duk ranar Asabar yana hawa dakalin kara da gudumarsa, kuma abin mamaki, da zarar saniya ta shigo fili i'inar nan sai ta kama gabanta. Harshensa ya riƙa gudu har baƙi su saki baki. Da ya ajiye guduma kuwa, ko kofi zai nema sai mai shago ta ƙarasa masa maganar.

Abin da ya haɗa shi da majalisa gadon Virgil Tackett ne. Tsohon ya mutu ya bar gandun kiwo da ba a zagaye shi a yini ɗaya, da rijiyoyin mai bakwai, da wasiyya biyu masu ƙaryata juna, da 'ya'ya biyu waɗanda ko a wajen jana'izarsa ba su gaisa ba. Babban shi ne Royce, abokin Dewey tun suna firamare. Ƙanwarsa Lurleen kuwa tun zaman farko ta miƙe ta ce ba ta yarda Dewey ya yi musu shari'a ba, a turo alƙalin gado daga birni. Doka ta ba ta wannan dama, aka turo. Doka kuma ta ce gunduma ce za ta biya baƙon alƙali: ladan zamansa, man motarsa, ɗakin kwanansa, da mai rubuta abin da aka faɗa. Shekara uku ana abu ɗaya, zama arba'in da huɗu, 'yan Tackett suna ta canza lauyoyi kamar safa, mu kuwa da ba za mu gaji ko igiyar ɗaure maraƙi ba muna ta biya.

Da kuɗin gyaran hanya kawai abin ya ci, da mun haƙura, mun saba da ramuka. Amma a watan Maris kansiloli huɗu suka zauna suka duba baitulmali, suka ce idan ba a samu dala dubu arba'in da takwas kafin ƙarshen Satumba ba, motar asibiti za ta shiga gareji, a sallami ma'aikatanta biyu. Ita kaɗai ce muke da ita, kuma asibiti mafi kusa mil casa'in ne. Dewey ne ya jagoranci zaman, shi ya sa hannu. Shi ne kuma mutumin da bara ya zauna a bayan motar nan yana riƙe da hannun matarsa Opal, zuciyarta tana tsayawa tana tashi, ma'aikacin yana danna mata ƙirji har ƙofar asibiti. Likita ya gaya masa a fili cewa abin zai iya dawowa. Tun daga ranar da ya sa hannun nan, duk sanda Opal ta yi tari a kicin sai gabansa ya faɗi.

Ƙudirin kuwa gajere ne: idan aka turo baƙon alƙali kan rigimar gado, yana iya umartar a mayar wa gunduma kuɗinta daga cikin dukiyar da ake faɗa a kai. Dewey ya yi wata shida yana damun ɗan majalisarmu da wasiƙu kafin a shigar da shi. Yanzu ga shi an ce ya zo ya ba da shaida da bakinsa, minti uku.

Kwana shida ya yi yana shiri. Ofelia ta rubuta masa jawabi da manyan kalmomi irin na lauyoyi, ya riƙa bitarsa a gaban shanu a bayan gida, Opal tana tsaye da agogon dafa ƙwai. Ranar farko ya kai minti tara. Ranar Talata ya sauko zuwa minti uku da daƙiƙa huɗu, ya jefa hularsa sama, iska ta kai ta cikin kwamin ruwa. Opal ta ce shanun ma sun haddace, idan ya kasa a tafi da ɗaya ta ƙarasa masa. Ya so ya hana ta tafiyar saboda nisa, ta ce masa shekara arba'in da uku tana jiran ranar da zai yi magana a bainar jama'a ba a kan saniya ba, ba za a ba ta labari ba.

Suka kama hanya da sassafe a a-kori-kurarsa, su uku a gaba, da kwanon tamale, wani irin alalen masara mai nama, da Ofelia ta dafa, da butar kofi tsakanin ƙafafunsu. Awa biyar Dewey yana tuƙi yana motsa leɓe. Ya sa sabuwar riga mai maɓallan azurfa da takalmin da yake zuwa biki da shi, kuma duk garin da suka wuce sai ya ji kamar ya tsaya ya gaya wa mutane inda za shi.

Ɗakin kwamitin a ƙarƙashin ginin majalisa yake, cike da masu kwat. 'Yan majalisa tara suna zaune a sama a jere, a tsakiyarsu shugabar kwamiti, wata dattijuwa mai tabarau da ƙaramar guduma. Dewey ya dubi gudumar ya raɗa wa Opal cewa wannan ko gyaɗa ba za ta fasa ba. Yana cikin murmushi shugabar ta sanar cewa ƙudirori sun yi yawa yau, masu shaida sun haura tamanin, don haka a yi haƙuri, kowa minti ɗaya zai samu. Murmushin ya daskare a fuskarsa. Ofelia ta fizge takardar ta shiga soke layuka da biro, amma kafin ta kai rabi aka kira sunansa.

Ya je gaban abin magana, ya cire hula, koriyar fitilar ƙidayar lokaci ta kama. Mutumin Kerbow ba ya fara magana bai gaisa ba, ko gobara ake yi. Ya buɗe baki zai ce ranki ya daɗe, harafin farko ya maƙale. Ya sake gwadawa, wuyansa ya kumbura, gumi ya keto masa. Yana jin daƙiƙoƙi suna zuba, yana ganin wani ɗan majalisa ya sunkuya kan wayarsa don kada ya kunyata shi da kallo. Kunya ta rufe Dewey, da baƙin ciki, don ya san motar asibiti ce ke zurarewa daga hannunsa a gaban mutane.

Opal kuwa a kara ya same ta tun tana budurwa, tana tsaye gefen fili tana kama masa tayin masu saye. Daga layi na uku ta ɗaga jakarta sama, ta ce da muryar da ake ji har bayan shinge:

"Dala ɗari biyu."

Jikin Dewey bai jira shawararsa ba. Hannunsa ya nuna ta, bakinsa ya ɓalle.

"Ɗari biyu na samu, ɗari biyu kuɗin mai, wa zai ƙara, ɗari na ɗaki, uku ke nan, uku, uku, ɗari biyar na mai rubutu, takwas, ga takwas, ɗari shida ladan alƙali, dubu da ɗari huɗu zama ɗaya, zama ɗaya jama'a, ga na biyu, ga na goma, ga na arba'in da huɗu, dubu sittin da ɗaya da ɗoriya, wa zai biya? Mai rijiya bakwai, ina hannunka? Babu. Mai gandu, ina naki? Babu. To ga mai wankin kwano, ga direban motar makaranta, ga tsohuwa mai ciwon zuciya, mil casa'in zuwa asibiti, motarsu ɗaya, sau ɗaya, sau biyu..." Ya buga tafinsa a kan tebur. "Na sallama wa talakawan Kerbow."

Jar fitila ta kama daidai nan. Ɗakin ya ɓarke da dariya da tafi, har shugabar ta yi ta buga 'yar gudumarta ita ma tana share hawaye. Wanda ya sunkuya kan waya ya ajiye ta. Dewey yana tsaye yana haki, bai ma san abin da ya faɗa ba.

Amma ba a sallame shi ba. Wani ɗan majalisa, lauya ne daga ganin yadda yake jera magana, ya ce yana da tambaya. Idan aka ce dukiyar gado ce za ta biya, ashe marayan da aka bar wa ɗan gida ɗaya ba zai ji tsoron neman baƙon alƙali ba, ko da ya ga na garinsu ya karkata? Sannan me ya hana shi Dewey ya yanke shari'ar da kansa tun farko, a huta?

Wannan ba ciniki ba ne, don haka i'ina ta dawo da kayanta. Sai dai amsa tambaya ba ta da fitila, kuma yanzu kowa jira yake. A hankali, kalma tana tuntuɓe da kalma, Dewey ya ce matar da ta ƙi shi tana da gaskiya. Ya ce ɗan'uwanta abokinsa ne, ya ci abinci a gidansa ya fi sau dubu, kuma da shi ya yi shari'ar da ya karkata ko bai sani ba. Shekara uku yana jin haushinta, bai taɓa faɗin wannan ko ga Opal ba, sai ga shi ya faɗa a gaban na'urar ɗaukar hoto. Ya ce shi ba ya ƙin baƙon alƙali, kuma ƙudirin cewa ya yi alƙali yana iya umarta, ba dole ba. Maraya mai gida ɗaya, gunduma za ta ɗauke masa da farin ciki. Mai rijiyar mai dai ya sa hannu a aljihunsa.

Kwamiti ya amince, takwas da ɗaya. A hanyar dawowa sun cinye tamale tas, Ofelia tana kwaikwayon muryarsa, Opal tana cewa bashin dala ɗari biyu ake binta a majalisa. Kafin su iso gida hoton bidiyon zaman ya riga su. Mai gidan mai ya fito yana nuna shi yana kiran ɗari biyu, yaran makaranta suka mayar da abin waƙa. A watan Mayu majalisa ta zartar, a watan Yuni gwamna ya sa hannu. Muka gasa nama a harabar kotu, aka kawo motar asibiti aka wanke ta aka ɗaura mata ƙyalle, Dewey ya yi rawa da Opal a kan ciyawa duk da likita ya ce ta bi a hankali.

Ranar Litinin ne Ofelia ta shigo ofishinsa da dokar a buge, ta rufe ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta sa yatsa a sakin layi na ƙarshe, wanda duk murnarmu ba wanda ya kai gare shi. Dokar za ta fara aiki ranar ɗaya ga Satumba, kuma ƙararrakin da aka shigar daga ranar kawai ta shafa. Shari'ar Tackett ta girme ta da shekara uku.

"Alƙali, mun yi wa gundumomin jihar nan duka aiki," in ji ta. "Mu ne dai ba mu samu ko sisi ba."

Dewey ya miƙe. Ya ɗauki hularsa ya tafi gida, ya tsaya a bakin shinge yana kallon wata jar karsana mai farin goshi, wadda uwarta ta mutu wajen haihuwa Opal ta raine ta da kwalba a kicin. Opal ta fito ta same shi, ya gaya mata. Ta daɗe tana sosa wa karsanar kunne, sannan ta ce to ai sai a juya ta.

Juyi al'adarmu ce ta kara. Idan gidan wani ya ƙone ko ɗansa ya kwanta asibiti, sai a kawo dabba ɗaya a yi gwanjonta. Wanda ya saya ya biya, ya ce a mayar, a sake sayarwa, haka har aljihun jama'a ya gaji. Mun taɓa tara dubu tara da ɗan maraƙi ɗaya, kuma har yau ana labarin. Dubu arba'in da takwas kuwa, ko mai yawan buri bai sa rai ba. Amma Dewey ya samu ƙarfin gwiwa. Ya buga sanarwa, ya manna a gidan mai da coci biyu da shagon aski, ya sa ranar Asabar ta ƙarshen Satumba, lokacin da mutane suka sayar da maruƙansu suna da ɗan abin hannu.

Da ranar ta zo, kara ta cika har kan matakala. Motar asibiti tana waje inda take tsayawa duk Asabar, saboda ba a rasa wanda bijimi ya taka. 'Yan Tackett ma sun zo, don duk gabarsu ba sa fashin kasuwa. Royce yana zaune a ƙarshen benci na gabas da hularsa ta dala dubu, Lurleen a ƙarshen na yamma da ƙaramin littafinta. Tun da hoton majalisa ya fito Royce bai ƙara gaida Dewey ba, wai ya tona masa asiri a gaban duniya. Lurleen ma ba ta gaishe shi ba, amma an ce ta kalli hoton ya fi sau goma.

Aka buɗe ƙofa, karsana ta shigo tana waige-waige tana neman Opal. Dewey ya ɗaga guduma, harshe ya kwance. Mai shagon aski ya saye ta ɗari huɗu, ya ce a mayar. Malaman makaranta suka haɗa ɗari shida, a mayar. Fada na cocin Katolika da fasto na Baptis suka yi ta ɗaga wa juna har dubu da ɗari biyu, jama'a suna ihu suna zuga su, fada ya ci, fasto ya ce ai dama kuɗin cacar bingo ta coci ba ya ƙarewa. Wata tsohuwa ta saye ta dala arba'in, ba wanda ya yi ƙoƙarin ɗara ta, kuma ta samu tafin da ya fi na kowa. Ofelia tana gefen dakali tana tarawa, duk ciniki sai ta rubuta jimla da manyan lambobi a kwali ta ɗaga. Opal tana layin gaba tana kama tayi kamar shekarunta ashirin. Karsanar kuwa ta gaji da zagaye, ta tsaya tsakiyar fili tana tuƙa.

A ciniki na goma sha takwas kwalin ya nuna dubu goma sha huɗu. Mun kafa sabon tarihi, amma kowa ya ga hannaye sun fara nauyi. Dewey ya san kasuwarsa kamar yadda ya san ɗakin kwanansa, ya san an kai ƙarshen aljihu. Saura dubu talatin da huɗu. Ya sha ruwa, ya buɗe na goma sha tara a ɗari biyar, ya kira, ya sake kira, shiru.

Sai daga yamma Lurleen ta ɗaga fensirinta kaɗan. Wanda bai san kara ba ba zai ce ta motsa ba.

"Dubu na samu daga yamma," in ji Dewey, ya jefa mata ninki ba tare da ya tambaya ba, ita kuma ba ta musa ba. Bai dubi gabas ba. Shekara sittin da sanin Royce, ya san ba ya buƙatar a gayyace shi. Ya dai ƙara da cewa da alama yau gidan Tackett mutum ɗaya ne ya zo da walat.

Yatsan Royce ya taɓa bakin hula.

Daga nan abin ya kama wuta. Dubu biyu gabas, uku yamma, biyar, bakwai. Dewey yana juyawa dama da hagu, gudumar tana nuni, muryarsa tana gudu ba numfashi. Idan Royce ya yi jinkiri sai ya ce Allah sarki, kuɗin lauya ya cinye gabas. Idan Lurleen ta dubi littafinta sai ya ce yamma tana lissafi, a ba ta lokaci ta kira banki. Mutane suka miƙe tsaye a kan benci. A dubu goma sha biyar karsanar ta ninka kuɗinta sau goma, kuma duk wanda ke wurin ya san ba saniya ake saye ba. Wani ɓangare na zuciyar Dewey bai ji daɗi ba, don gabar nan ce ta jefa mu a rami, ga shi yanzu yana hura ta da bakinsa, yana tsokanar abokinsa na yarinta a gaban gari. Amma ya tuna bayan motar nan da hannun Opal mai sanyi a cikin nasa, ya ci gaba da hurawa.

Ashirin. Ashirin da biyar. Royce ya tashi tsaye, fuskarsa ja wur, ya yi wa ƙanwarsa magana karon farko cikin shekara uku, daga wannan bango zuwa wancan.

"Ke ko akuya ba ki iya kiwo ba, me za ki yi da ita?"

"Zan ɗaure ta a ƙofar gidanka, Yaya, ka riƙa ganinta kullum."

Talatin gabas. Talatin da biyu yamma. Talatin da uku gabas. Rufin kwano yana amsa ihun jama'a. Lurleen ta rufe littafinta, ta ɗaga hannu gaba ɗaya, Dewey ya kira talatin da huɗu. Ofelia ta hau kujera ta ɗaga kwali, ta rubuta arba'in da takwas har biro ya huda takarda. Royce ya riga ya fara ɗaga hannu, kuma Dewey ya gan shi sarai. Da ya bar su, sai sun kai hamsin, har da kuɗin sabbin tayoyi.

Amma idonsa ya sauka layin gaba. Opal ta zauna. Kowa yana tsaye ita kaɗai ce a zaune, hannunta a dafe da ƙirji, kanta a sunkuye.

Bai tsaya kiran sau ɗaya, sau biyu ba. Ya maka guduma har ƙotar ta tsage, ya ce na sallama, yamma, ya diro daga dakalin da matakalarsa biyar a tsalle ɗaya, mutum mai shekara sittin da bakwai. A bayansa Royce yana rantsuwa cewa an gan shi an ƙi shi, wannan cuta ce, sai ya kai ƙara kotu, kuma baƙon alƙali zai nema. Mai shagon aski ya amsa masa daga sama cewa bismilla, Satumba ta riga ta kama, wannan karon shi zai biya. Dariyar da aka yi har shanun da ke baya suka firgita, amma Dewey bai ji ko ɗaya ba.

Ya durƙusa a gabanta cikin ƙasa da kashin shanu, da sabuwar rigarsa. Ya kama hannunta, yana so ya kira sunanta, harafin farko ya maƙale. Ya yi ta fama da shi. Opal ta ɗago kai. Fuskarta jiƙe take da hawaye, kafaɗunta suna girgiza, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta tun daga maganar ɗaure karsana a ƙofar gida.

"Tsoho, ka yi asarar kuɗin taya," ta ce, tana neman numfashi. "Lafiyata ƙalau. Dariya ce kawai."

Bai yarda ba. Ya sa yatsu biyu a wuyan hannunta yadda ma'aikacin motar ya koya masa, yana ƙirgawa, idonsa ya kawo ruwa. Ta bar shi ya ƙirga har ya gamsu. Sannan ta gyara masa kwalar riga, ta nuna ƙofa da haɓa.

"Ko ma wani abu ne, ai ga mota can a waje."